WA YA CI BANKI, WA YA ƁALLE ƘOFAR RUMBU?

Zuwa ga 'yan'uwanmu na rassan Urafane, da Tasawa, da Mayahi, da sauran garuruwan kasuwa. Duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa, ya karanta ta da ƙarfi a majalisa, domin waɗanda ba su yi lakwal ba su ji, gama su maganar ta fi shafa.

Maganar da muka ɗauko yau tsohuwa ce, ta fi shekara 30. Watakila wani ya ce, me ya kawo tonon ta yanzu, ga shi babu zaɓe a gabanmu, jam'iyyun ma da suka yi takara a wancan lokaci an rushe su duka tare da sauran a watan Maris na 2025? To, dalilin ke nan. Ranar da ganga ke tashi ba a jin nasiha. Yanzu da ƙura ta kwanta, ba mai tsoron kada maganarsa ta rage wa ɗan takararsa ƙuri'a, yanzu ne ya kamata mu zauna mu duba yadda aka yi da mu a zaɓen shugaban ƙasa na 1993. Zaɓe ne da aka yi shi bisa baitulmali wofi, da bankuna matattu, da kasuwa wadda aka sakar wa mara. An tambaye mu wa muke so, mun kuwa faɗa da babbar murya. Ba wanda ya tambaye mu abin da muke so a yi da hatsinmu da kuɗinmu, mu kuma ba mu tilasta kowa ya tambaya ba. A nan aka cuce mu, da hannunmu a ciki.

Bari mu faro daga tushe, don samari su san abin da aka rushe.

Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnatin Jori Hamani ta kafa waɗansu gidaje don ta karɓe ciniki daga hannun kamfanonin Turawa. A 1961 aka buɗe bankin raya ƙasa, watau BDRN, da taimakon mutanen Tunis. A 1962 aka kafa SONARA, aka ce ita kaɗai za ta fitar da gyaɗa waje. Cikin shekarar aka kafa COPRO-Niger mai shigo da kayan masarufi irin su gishiri da sukari, da UNCC mai haɗa manoma ƙungiya ƙungiya tana ba su bashin iri da garma. A 1967 aka yi asusun bashin noma, CNCA. Sa'an nan a 1970 aka yi OPVN, ofishin hatsi, wanda aikinsa a takarda shi ne ya saya da kaka ya ajiye, ya fito da shi da bazara don kada tiya ta gagari talaka.

Kada wani ya zaci kuka muke yi wa waɗannan gidaje. Dattawanmu da suka yi dakon buhun gyaɗa zuwa sikeli suna nan da ransu, a tambaye su. A Yamai ake yanke farashi, ƙasa da abin da ake sayar da ita a bakin teku, rarar kuwa ita ta gina ofisoshi ta sayi motocin manya. A zamanin Saini Kunce har aka riƙa aza wa garuruwa adadin hatsin da za su kai bisa farashin gwamnati, ta hannun sarakuna, aka hana mutum ya kai amfanin gonarsa inda ya ga dama. Jakuna nawa suka bi dare zuwa bakin iyaka saboda wannan doka, Allah kaɗai ya sani. Mai gadin rumbun nan yana da ɗan hali, ba mu musu. Amma dai akwai ƙofa, akwai kuma wanda za a kama in hatsi ya ɓace.

Gyaɗa ta fara mutuwa da farin 1973, kuturta ta ƙarasa ta a 1975. Gwamnati ba ta ji zafin ba sosai, domin ƙarfen uraniyum ya fito a Arlit tun 1971, na Akuta ya biyo a 1978, kuɗi suka yi ta kwarara. Aka ɗauke wa talaka lanhon kai, muka yi murna, gaskiya ne. Aka kuma ciwo bashi mai yawa a waje bisa zaton ƙarfen nan ba zai taɓa faɗuwa ba. Daga 1980 ya faɗi. Bashi bai faɗi ba.

Nan masu ba da rance suka shigo da sharuɗɗansu. A 1983 gwamnati ta sa hannu da Asusun Lamuni na Duniya, wanda 'yan boko ke kira FMI, a 1986 kuma da Bankin Duniya. Sunan abin wai gyaran tattalin arziki. Ma'anarsa a kasuwar Urafane ita ce: gwamnati ta janye hannunta daga saye da sayarwa, kowa ya yi ta kansa. Aka ƙwace wa SONARA da COPRO ikon da suke da shi su kaɗai, daga baya suka mace. Aka rushe UNCC. Aka ce wa OPVN ba ruwansa da farashi, ya tsare ɗan abin da aka ajiye don ranar masifa kurum. Aka janye rangwamen da ake yi wa manomi a kan kayan aiki. Duk wannan kuwa ya faɗo daidai da farin 1984, yunwar da muka sa wa suna El-Buhari saboda rufe iyakar Nijeriya da aka yi a shekarar. Kafin a shiga 1990 an rufe CNCA. Tun daga ran nan manomin da irinsa ya ƙare ba shi da ƙofar da zai buga sai ta mai kuɗin garinsu, ya karɓi a-ci-ba-daɗi, tiya ɗaya da bazara ya biya biyu ko fiye da kaka.

Mu faɗi gaskiya a kan CNCA, ko da ba daɗi. Akwai cikinmu waɗanda suka karɓi garma da shanun noma suka ce ai kuɗin gwamnati ne, ba su biya ba. Wannan laifinmu ne. Amma babban ramin ba mu muka haƙa shi ba. Kuɗi masu yawa na asusun nan an juya su ga manyan gidajen gwamnati su yi sayayyar kaka, ba su dawo ba.

Sai babban banki. A 1990 BDRN ya durƙushe, aka kafa SONIBANK a gurbinsa. Jama'a, ku dubi wannan magana da kyau, don a kanta aka yi mana wasa da hankali. Manomin Urafane bai taɓa taka dandamalin BDRN ba, bai ma san launin ƙofarsa ba. Mai shiga shi ne mai takarda daga babba: babban ɗan kasuwa, babban ma'aikaci, mai dangi a sama. A ba shi miliyoyi ba jingina, ya gina bene, ya ƙara aure, ya sayi manyan motoci, ranar biya ta zo ya aika da gaisuwa. Sakin kasuwa bai kashe BDRN ba, kada mu ɗora wa Bature abin da ba shi ya yi ba. 'Ya'yan ƙasa suka cinye shi. Amma da ya mutu, bashin ya koma kan baitulmali, baitulmali kuwa aljihun kowa ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ran 9 ga Fabrairu 1990 'yan makaranta suka fito a Yamai don ƙin sharuɗɗan da aka gindaya wa ilmi, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, 3 suka mutu. Jinin nan shi ya buɗe hanyar Babban Taron Ƙasa, wanda ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 a ƙarƙashin Andre Salifu. Mun manne kunne a rediyo dare da rana. Taron ya kafa kwamitin binciken laifuffuka da ɓarnar dukiya, maganar BDRN na cikin abin da aka tona. Taron ya kuma ce bai yarda da gyaran FMI ba. Madalla. Amma ƙin abu daban, samun abin da za a sa a madadinsa daban. Masu rance suka ɗaure bakin jakarsu. Gwamnatin riƙo ta Shaifu Amadu ta wayi gari ba ta iya biyan albashi, wata ya bi wata. A Fabrairu 1992 sojoji suka yi bore a kan kuɗinsu. A watan Yuni na shekarar, don neman abin biyan ma'aikata, har gwamnati ta ƙulla zumunci da Taiwan ta bar Sin. Ƙasa mai mulkin kanta ta kai ga jinginar da zumuncinta don albashin 'yan watanni.

Ku da ke kasuwa kun san yadda rashin albashin nan ya iso gare ku. Mushen lakwal ba ya sayen nama, mahauci ba ya sayen rago, mai rago ba ya sayen zane. Malamin asibiti ya rubuta magani, a je ɗakin magani a tarar da kwalaye wofi. Ga naira ta karye tun 1986, kayan Kano da man fetur na bayan fage sun cika ko'ina, ba mai biyan kuɗin kwastan.

A CIKIN WANNAN HALI AKA BUGA GANGAR ZAƁE

Ran 14 ga Fabrairu 1993 aka zaɓi 'yan majalisa 83. MNSD-Nasara, jam'iyyar tsohuwar gwamnati, ta sami 29. CDS-Rahama ta sami 22, PNDS-Tarayya 13, ANDP-Zaman Lahiya 11. Waɗannan uku da waɗansu ƙanana suka haɗa kai suka kira kansu rundunar canji, AFC, kujerunsu suka kama 50. Ran 27 ga watan aka yi zagayen farko na shugaban ƙasa. Tanja Mamadu ya zo da kashi 34 cikin 100, Mahaman Usman da kusan 27, Mahamadu Isufu kusan 16, Mumuni Adamu Jarmakwai 15 da 'yan kai. Tsoho Jibo Bakari, wanda ya ce wa Faransa a'a a 1958, shi ma ya tsaya, bai kai kashi 2 ba. Ran 27 ga Maris aka sake, 'yan canji suka taru bayan Mahaman Usman, ya ci da kashi 54, Tanja ya tashi da 45 da ɗoriya.

Wannan lissafi ke nan. Yanzu ga abin da idonmu ya gani.

Mun hau bayan manyan motoci daga ƙauyuka zuwa Tasawa don sauraron mitin. An raba atamfa mai hoton ɗan takara, an raba gishiri da sabulu da goro, an ba maroƙa abin da ya sa muryarsu ta dushe. Mu ma mun karɓa, mun yi tafi har hannu ya yi zafi. Ba mu ware kanmu. Kowane ɓangare yana da waƙarsa guda. 'Yan canji suna cewa waɗancan su suka ci banki, su suka cinye kuɗin uraniyum, shekara da shekaru mutanen yamma ke mulki, yanzu lokacin namu ne. 'Yan Nasara suna cewa a zamaninmu ana biyan albashi ran da wata ya ƙare, ku dubi abin da 'yan taro suka mai da ƙasa cikin shekara guda, yara ne ba su san mulki ba. Kowace magana da rabin gaskiya a cikinta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Amma ku tuna da kyau, ku da kuka tsaya cikin rana kuna saurare. Wa ya hau tebur ya ce ga inda manomi zai sami bashin iri bana, ga ruwan da zai biya? Wa ya ce ga wanda zai sayi hatsi da kaka don kada a karya shi, ga wanda zai fito da shi da bazara? Wa ya ce in na ci zan karanta sunayen masu bashin BDRN ɗaya ɗaya a rediyo, na jam'iyyata da na wata, in ƙwato? Uwa uba, wa ya gaya mana ko zai sa hannu a takardar FMI ko ba zai sa ba, in kuma ba zai sa ba, ina zai samo albashi? Mu dai ba mu ji ba. Ba kuwa don jahilci ba ne. Mahaman Usman masanin lissafi da tattalin arziki ne, a Faransa da Kanada ya yi karatu. Isufu injiniyan ma'adinai ne, ya yi aiki a Arlit, ya san farashin ƙarfen nan fiye da kowa. Tanja ya riƙe jihar Maraɗi da ta Tawa a zamanin Kunce, ya riƙe ma'aikatar cikin gida, ya san kowane rumbu. Duk sun san abin da ke cikin tukunya. Sun dai lura gaskiyar ba ta kawo ƙuri'a, mu kuwa ba mu nuna muna son jin ta ba.

Dalilin shirun a kan masu bashi ma ba ɓoyayye ba ne. Yawon neman ƙuri'a kuɗi yake ci: mota, mai, atamfa, abincin 'yan rakiya. Baitulmali wofi ne, talaka ba shi da ko dala. Wa ya rage da kuɗi a ƙasar? Manyan 'yan kasuwa, waɗanda sakin kasuwa ya buɗe wa hanya. Mai hankali cikinsu bai zuba ƙwansa a kwando guda ba, ya ba wannan da rana ya ba wancan da dare. To, wanda ya ci tuwon mutum ba ya kai shi ƙara.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne abin da muka yi wa junanmu. A garuruwanmu an ƙi zuwa sunan maƙwabci saboda jam'iyya. An fasa baiko. Wa da ƙane sun daina gaisawa. Akwai inda aka raba sahun salla. Mutum biyu da mai kuɗi guda ke bin su bashin tiya, gonakinsu na jingine a hannu guda, sai ga su suna jifan juna saboda mutanen da ba su san sunan ƙauyensu ba. Ita kuwa rundunar canjin, Jarmakwai da ya taimaka aka kafa ta ɗan tsohon gida ne, cikin MNSD yake sai da Tanja ya kayar da shi a shugabancin jam'iyya a 1991 ya fita. Da mun dubi wannan kaɗai, da mun gane katangar da ke tsakaninsu ta kara ce.

Aka rantsar da Mahaman Usman a Afrilu 1993, ya naɗa Isufu firaminista. Mun yi murna a wannan yanki, ba ƙarya, gama a Damagaram da Maraɗi ya fi samun ƙuri'a. Ba a daɗe ba gwamnatin canji ta taɓa albashin ma'aikata, su da suka yi mata dakon ƙuri'a, ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta shiga yajin aiki, wani na bin wani. A watan Agusta aka ce takardar sefa da ta fita daga ƙasashen sefa ba za a ƙara karɓarta a canza ba, abin ya girgiza 'yan canjin Maraɗi da na Kano. A Satumba firaministan Faransa, Balladur, ya aiko da cewa ba sauran taimakon kuɗi ga wanda bai shirya da FMI ba. Masu kunne a sama suka gane inda aka dosa, suka kwashe nasu suka kai Faransa tun da wuri.

Ran 11 ga Janairu 1994, a Dakar, aka tara shugabannin ƙasashen sefa gaban Camdessus na FMI da Roussin ministan Faransa. Da gari ya waye, sefa 50 da ke sayen faran guda na Faransa ta koma sai 100. Ma'aunin da ke tsaye tun 1948 aka raba shi biyu a dare ɗaya. Wata 10 ke nan bayan mun yi layi cikin rana mun jefa ƙuri'a. Cikin dukkan abin da ya sami aljihun talaka a waɗannan shekaru babu wanda ya kai wannan girma, ba kuwa a ambace shi a mitin ko guda ba. Magani ya tashi, sukari ya tashi, kayan gyaran mota suka tashi. Don adalci mu faɗa, mai wake da mai dabbobi sun ɗan ji daɗi, domin kayansu sun yi wa mai naira araha, saye ya ƙaru. Amma riba mai kauri ta tsaya a hannun mai mota da mai sito, shi ke iya jira. Manomin da ake bi bashi ba ya jira, ranar da ya sussuka ranar yake sayarwa.

A cikin 1994 ɗin gwamnatin canji ta sa hannu da FMI, takardar da Babban Taro ya ce ba za a sa wa hannu ba. Sauran labarin gajere ne. A Satumba Isufu ya ajiye aiki, jam'iyyarsa ta koma wajen MNSD, waɗanda jiya ake kira ɓarayin banki. Aka rushe majalisa, aka sake zaɓe a Janairu 1995, Hama Amadu ya zama firaminista, shi da shugaban ƙasa suka shekara ba su ga maciji. Ran 27 ga Janairu 1996 Ibrahim Bare Mainasara ya kwashe su duka. Cikin 'yan watanni shi ma ya sa hannu da FMI, aka shiga shirin sayar da kamfanonin gwamnati. A 1999 Mahaman Usman ya mara wa Tanja baya, Tanja ya hau, shi kuma ya zama shugaban majalisa, suka zauna tare shekara da shekaru. Soja ya sa hannu, farar hula ya sa, ɗan canji ya sa, ɗan Nasara ya sa. Baikon da aka fasa a ƙauyenmu kuwa bai ɗauru ba har yau.

Wanda ke shakkar ko tambayar da ba mu yi ba tana da nauyi, ya tuna 2005. Daminar 2004 ta yanke da wuri, fara ta sauka. A watan Nuwamba da Disamba na shekarar aka yi zaɓen shugaban ƙasa, Tanja da Isufu, rumbuna na nan rabi, aka sake yin atamfa da ganga, ba wanda ya so ya ambaci yunwa. Da shiga 2005 sai ga harajin kashi 19 cikin 100 a kan gari da madara da sukari da ruwa da wuta, sai da jama'a suka rufe birane a watan Maris kana aka janye mafi yawansa. Hatsi kuwa na nan a kasuwa, ba ɓacewa ya yi ba, buhu ne ya doshi jika 30 a waɗansu wurare. Motoci na lodi suna yin kudu inda farashi ya fi. Aka daɗe ana ƙin raba abinci kyauta wai kada a ɓata kasuwa, sai sayarwa da rangwame ga mutanen da ba su da ko na rangwamen. Jihar Maraɗi, rumbun ƙasa, ita ta fi cika tantunan likitocin waje da yara masu tamowa. Uwaye daga ƙasar Tasawa da ta Mayahi sun san hanyar tantunan nan. Ƙofar da aka ɓalle a shekarun 1980, iskarta ke nan.

Wani abu kuma, don ku san masu wa'azin ba su bin wa'azinsu. A watan Satumba 2008, ana tsakiyar yawon neman ƙuri'a a Amurka tsakanin Obama da McCain, wani babban bankinsu mai suna Lehman ya faɗi, sauran suka kama rawar ɗari. Nan ma jam'iyyu biyu suka shiga nuna wa juna yatsa a kan wa ya kwance wa bankuna dabaibayi, alhali dokar 1999 da ta rushe shingen da ke tsakanin bankin ajiya da na caca da hannun jari, 'yan jam'iyya ɗaya suka rubuta ta, shugaban ƙasa na ɗaya jam'iyyar, Clinton, ya sa mata hannu. Cikin mako 3 majalisarsu ta ware dalar Amurka biliyan 700 don ceton bankuna, 'yan takarar biyu duk suka jefa ƙuri'ar amincewa. A birnin Washington aka yi wannan, inda ofisoshin FMI da Bankin Duniya suke, inda aka rubuto mana cewa gwamnati ba ta da hurumin tallafa wa mai garma. Ashe dokar ta talaka ce.

Ba mu ce a mai da SONARA ba, Allah ya kiyaye. Ba mu kuma ce ɗan kasuwa abokin gaba ne ba, yawancinku 'yan kasuwa ne, da tiya da sikeli kuke ci da iyali, kun kuwa fi kowa sanin bambancin mai awo a rumfa da mai sito 10 wanda ke kulle hatsin gunduma guda yana jiran Yuli. Abin da muke cewa shi ne, tsakanin gwamnati mai ƙwace da kasuwa marar linzami akwai fili mai faɗi, a filin nan ya kamata a yi gardamar zaɓe, ba a kan wane gari uban ɗan takara ya fito ba. Matanmu sun riga mu ganewa. A 1991, shekarar da maza ke manne da rediyo, aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Wata ƙungiyar waje ce, CARE, ta kawo shawarar, ba mu ɓoye ba, amma kuɗin nasu ne. Kowane mako kowace ta zuba abin da aka yanke cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a ƙirga a gaban kowa, a ranta wa mai bukata, ta biya a gaban kowa. Asirin ke nan, a gaban kowa. Da an ƙirga kuɗin BDRN haka, da yana nan. Sai dai akwatin mata ba ya sayen motar taki, ba ya kuma riƙe farashin gunduma. Wannan aikin hukuma ne, kowace iri ce ke bisa kujera. Sefar da ke aljihunku ma har yanzu a ɗaure take da kuɗin Turai, kusan 656 a kan yuro guda tun 1999, ba a kuwa taɓa kawo maganarta gaban akwatin ƙuri'a ba.

Saboda haka ga aikin da muke roƙon kowane reshe. A sami littafi guda da mutum guda mai rubutu, da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Kowace ranar kasuwa ya rubuta kuɗin tiyar hatsi, da ta dawa, da ta wake, tun daga kaka har faɗuwar ruwa. A ƙirga gidaje nawa suka ci a-ci-ba-daɗi bana, nawa suka karɓa, nawa suka biya, gona nawa ta shiga jingina. Kada a rubuta sunan kowa, ba tonon asiri muke so ba, adadi muke so. Inda akwai rumbun tsimi na gari a duba ko yana da hatsi ko ya zama ɗakin awaki, a kuma san hannun wa mabuɗin yake. Duk ran da wani ya zo neman goyon bayanku, da babbar riga ya zo ko da kaki, ku bar maroƙa su gama, sa'an nan ku buɗe littafin a gabansa, ku tambaye shi wa zai ba da bashin iri da nawa ne ruwansa, wa zai riƙe hatsin bazara, wace takarda kuma ya sa wa hannu a waje ko yake shirin sa wa. In ya ce sai ya hau tukuna, ku ce masa an yi mana wannan a 1993.

Reshen da ya cika wata 3 yana rubutu ya kwafe shafukan ya aiko mana ta hannun direbobin da ke zuwa Tasawa ranar kasuwa, mu haɗa na Urafane da na Mayahi da na sauran mu buga su gefe da gefe a fitowa ta gaba.